Jitar bass (mai kaurin sauti) mai sunan fitaccen makaɗi: shawarwarin masu kaɗa ta

Bakin yawancin makaɗan ya zo ɗaya: ka riƙe ta ka kaɗa tukuna, kada sunan da ke jikinta ya ruɗe ka. Misali, jitar kamfanin Fender mai sunan makaɗi Geddy Lee maɓallan murɗawa 3 gare ta, biyu na ƙarfin sauti, ɗaya na kaifinsa, ba ruwanta da batir. Jitar V7 ta kamfanin Sire mai sunan makaɗi Marcus Miller kuwa maɓallanta sun yi wa wasu yawa, ga batir 2 masu volt 9. Sai dai tana da makunnin da zai sa ta ci gaba da kiɗa ko batir ya mutu kana tsakiyar wasa, abin da ni ma ya fi burge ni.

Batun kuɗi, a gwada ta da 'yar'uwarta marar sunan makaɗi. In fenti ne kaɗai bambancin, kada a biya ƙari.