Zanen Blakelock a gwanjo: wani 'yan dubban daloli, wani miliyoyi, ina aka rabu?

Farin_Wata ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san kasuwar tsofaffin zane-zanen Amurka. A kundayen gwanjo ana yawan fito da ƙananan zane-zane masu duhu, wata a sama, bishiyoyi baƙi ƙirin a ƙasa, da sunan Ralph Albert Blakelock a jiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashi. Wani a ƙiyasta shi 'yan dubban daloli, alhali an taɓa sayar da aikin mutumin nan a kan miliyoyi. Wane ne shi, me ya raba farashin haka, kuma mai son tayawa me zai duba kafin ya ɗaga hannu?

Malam_Kundi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar farashin tana cikin rayuwar mutumin, don haka bari in fara daga can.

An haifi Blakelock a birnin Niyok ranar 15 ga Oktoba, 1847. Mahaifinsa likita ne, shi ma an so ya bi sahu, amma ya bar kwaleji ya kama zane ba tare da ya zauna gaban wani malami ba. Daga 1869 zuwa wajen 1872, lokacin da tsararsa ke tafiya Turai neman ilimi, shi yammacin Amurka ya nufa, shi kaɗai, ya zauna a yankunan 'yan asalin ƙasar. Daga nan ya samo tantunan da ake gani can ƙasa a zanensa, ƙanana ƙwarai a gindin manyan bishiyoyi. Ya auri Cora Bailey a 1877, suka haifi 'ya'ya tara. Talauci bai taɓa sakin gidan ba. Yakan ɗauki zane ya bi dillalai da masu kuɗi, su kuwa sun san yana cikin matsi, sai su taya da abin da suka ga dama. Taɓin hankali ya fara kama shi a 1891. A 1899, daidai lokacin haihuwar ɗansa na tara, aka kai shi asibiti, kuma kusan duk sauran rayuwarsa a can ya yi ta, mafi yawa a asibitin Middletown da ke jihar Niyok.

Yana tsare kasuwa ta juya. A baje kolin duniya na birnin Faris a 1900 an yaba aikinsa. A 1913 tsohon Sanata William Clark ya sayi wani zanensa na farin wata a gwanjo kan dala 13,900. A 1916 aka yi gwanjon kayan wani mai tara zane-zane, Catholina Lambert, babban zanensa mai suna Brook by Moonlight, wato rafi a farin wata, ya tashi kan dala 20,000, ya tafi gidan adana zane na Toledo a jihar Ohio. Kafin lokacin ba a taɓa biyan haka a gwanjo kan aikin wani mai zane Ba'amurke da ke raye ba. A shekarar ce kuma babbar ƙungiyar masu zane ta ƙasar ta ba shi cikakkiyar kujera. Wannan kuɗi bai shiga hannunsa ba, bai shiga hannun Cora ba. Wata mata da ke kiran kanta Beatrice Van Rensselaer Adams ta karɓe ragamar lamarinsa da sunan taimako, ta tara kuɗi da sunansa, ta shiga tsakaninsa da iyalinsa. Ya rasu ranar 9 ga Agusta, 1919.

To, ki haɗa abubuwa uku. Farashi ya tashi, mai aikin yana kulle ba ya iya cewa wannan nawa ne wancan ba nawa ba, sannan salonsa a ido mai sauƙin kwaikwayo ne. Masu jabu suka yi caa. Har 'yarsa Marian abin ya shafa: tana zane irin na mahaifinta don ta taimaki gida, aka riƙa sa wa aikinta sunansa ana sayarwa. Shi ya sa ake lissafa shi cikin masu zanen Amurka da aka fi yi wa jabu. A kasuwar Blakelock sa hannu ba hujja ba ne, ko da an ga sunan cikin siffar bakin kibiya yadda yakan yi, domin abin da mai jabu ya fara koya ke nan.

Abin da ke raba farashi shi ne isnadin zanen: daga hannun mai zane zuwa wa, daga shi zuwa wa, har zuwa yau, kowane mataki da takardarsa. A 1969 Norman Geske na Jami'ar Nebraska ya fara tantance ayyukan da ake jingina wa Blakelock, ya ba kowanne lamba, ya raba su aji huɗu. Aji na ɗaya, isnadi bai yanke ba. Na biyu, aikin ya dace da hannunsa amma akwai giɓi a tarihin mallaka. Na uku, akwai shakka. Na huɗu, ba nasa ba ne. Wanda ya haura dala miliyan 3 a gwanjon Sotheby's a 2000 babban zane ne na zangon 'yan asalin ƙasa a bakin kogin Snake. Ƙaramin allo mara lamba, mara takarda, kasuwarsa daban ce gaba ɗaya.

Mai_Gyaran_Zane ya rubuta:

Malam ya gama da takarda, bari in yi maganar jikin zanen, don nan ne mutane suka fi yin asara, har da waɗanda suka sayi na gaske.

Blakelock ba ya zane a zama ɗaya. Yakan shimfiɗa fenti mai kauri mai haske a ƙasa, sau da yawa da wuƙar fenti, ya bari ya bushe, ya goge shi da dutse irin na goge kaushi, ya zuba wani launi siriri gauraye da man sheƙi, ya sake gogewa. Zane ɗaya yana iya ɗaukar shekaru. Sakamakon haka, hasken sama a zanensa na gaske daga ƙasa yake tasowa, ta cikin tabbai-tabban da gugar ta buɗe. Mai jabu ba shi da wannan haƙurin. Yakan shafa duhu ko'ina, ya ɗora farin wata a sama kamar an liƙa kwabo. Ki sa a kashe fitilun ɗaki, ki haska tocila daga gefe ta kwanta a kan fuskar zanen. Na gaske za ki ga sama tana da tudu da kwari, rassan bishiya kuma sirara, an zauna an bi su ɗaya bayan ɗaya, wani wurin ma launin sama ne aka shigar tsakanin ganye daga baya. Na jabu ganyen dunƙule yake kamar an dangwala soso.

Matsalar ita ce kayan da ya yi aiki da su. Ya yi amfani da launi mai kwalta a ciki, wanda ke ba da ruwan ƙasa mai zurfi ranar da aka shafa shi, amma ba ya bushewa sarai har abada. Saman ya ƙame, ƙasan yana motsi, sai fentin ya tattare ya tsage gida-gida kamar fatar kada, tsagar mai faɗi mai laushin baki. Wannan ba ya gyaruwa. Abin da za a iya kawai a cike tsagar a rufe da launi, kuma idan cikon ya yi yawa, rabin abin da kike kallo hannun mai gyara ne.

Ga abin da za ki nema kafin ranar gwanjo. Na farko rahoton lafiyar zanen a rubuce, kyauta ake bayarwa. Sannan hoton bayansa ba tare da firam ba, domin takardun dillalai, tambarin baje koli da lambobin tsofaffin gwanjo duk a baya suke. Sannan hoto a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Tsohon man sheƙi yana ba da haske kore-kore, sabon ciko kuma yana fitowa baƙi. Ki dubi sa hannun musamman: idan yana zaune a saman man sheƙin, ko fentinsa ya gangara cikin tsohuwar tsaga, an rubuta shi ne bayan zanen ya tsufa. A tambaya kuma ko an taɓa manna wa ƙyallen wani sabo a baya. Tsohuwar hanyar yin haka da kakin zuma da dutsen guga mai zafi take, kuma zafi yana lallatse irin wannan fenti ya kashe tudun da na ambata.

Idan kuɗin ya kai a kashe, a yi hoton eksire, farin dalma da ya shimfiɗa a ƙasa zai fito ya nuna yadda aka gina zanen. A kuma gwada launukan. Farin titaniyam bai shiga hannun masu zane sosai ba sai a shekarun 1920. In aka same shi a asalin fentin, ba a ciko ba, magana ta ƙare.

Gargaɗi ɗaya da nake so ya zauna: kada wanda bai san Blakelock ba ya wanke shi. Launinsa na sama a cikin man sheƙin yake, maganin da zai cire dattin shi zai kwashe zanen.

Farin_Wata ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malamai. Ke nan idan gwaji bai nuna titaniyam ba, kuma tsagar fatar kadan tana nan, mutum zai iya kwantar da hankalinsa?

Hajiya_Dillaliya ta rubuta:

A'a, ƙanwata, nan ne tarkon yake. Gwajin titaniyam jabun baya-bayan nan kawai yake kamawa. Jabun Blakelock mafi haɗari tun yana raye aka yi su, da fenti da ƙyalle na zamaninsa, daga shagunan da shi ma yake saye. Yau sun haura shekara ɗari, sun yi duhu, sun tsage tsaga ta gaskiya, wasu ma suna da takardun dillalai na gaske a bayansu. Gwaji yana iya kore zane, ba ya iya tabbatar da shi shi kaɗai. Shi ya sa a shekarun 1970 har sai da masana suka kai wasu zane-zanensa cibiyar binciken nukiliya ta Brookhaven don su ga yadda yake jera fenti daga ƙasa zuwa sama, su kwatanta da na shakka.

Don haka ki fara da karanta kundin gwanjon da idon basira. Idan an rubuta sunansa tsura a kan layi, gidan gwanjon ya tsaya a kan cewa nasa ne. Idan an sa “attributed to” kafin sunan, jinginawa kawai suka yi, ba su ɗauki alhaki ba. “Manner of” kuwa ma'anarsa wani ne ya yi a salonsa, kuma farashin ado ya kamata a biya. Manyan gidaje irin su Christie's da Sotheby's suna ba da lamunin shekara biyar, amma a kan abin da ke rubuce a babban layin kawai, kuma ga wanda ya saya da kansa. In kika zo da ƙorafi za su nemi ra'ayin masana a rubuce. Ƙananan gidaje da yawa suna sayarwa ne a yadda kaya yake, wasu kwanaki kaɗan suke bayarwa, wasu babu. Ki karanta sharuɗɗan kafin ki yi rajista.

Sai ki tambaye su kai tsaye: yana da lambar Nebraska? Aji nawa? In sun ba da lamba, ki kwatanta hoto da awo da abin da ke rubuce a can, inci da inci, domin ana ɗaukar lambar zane na gaske a liƙa wa wani. In kundin ya yi shiru a kan wannan, shirun ma amsa ce, kuma shi ne dalilin ƙaramin ƙiyasin da kika gani. Isnadin da ya fara da “daga wani gida mai zaman kansa” ba tare da suna ko shekara ba, ki ɗauke shi babu.

Lissafin kuɗi kuma, farashin da aka buga guduma a kai ba shi za ki biya ba. Misali an sallama miki a dala 8,000, la'adar gidan kashi 25 cikin ɗari, ta zama 10,000. In a birnin Niyok za ki karɓi kayan, harajin saye kashi 8.875 ne, kusan dala 888 ke nan a kai. Ba a sa ɗauri da jigila da inshora ba, balle gyara. Ki yanke iyakarki a kan jimillar, ki dawo baya ki fitar da abin da za ki taya. Akwai kuma farashin ɓoye da mai kaya ya ƙayyade, in tayi bai kai shi ba a mayar da kaya. Zanen da aka mayar ana ganinsa a bayanan gwanjo, kuma in ya sake fitowa yakan yi nauyin sayuwa, don haka ki bincika ko wannan ya taɓa fitowa a wani gida da wani suna.

Malam_Kundi ya rubuta:

Ƙari kaɗan a kan maganar Hajiya. Akwai rukuni biyu da ba su kama da abin da mutane ke nema, kuma a ganina sun cancanci a duba su. Na farko ayyukansa na kafin ya koma farin wata, irin bukkokin talakawa da ya zana a gefen arewacin Manhattan kafin gine-gine su cinye wurin. Suna da haske, fentinsu siriri, sun fi na baya lafiya, kuma masu jabu ba su cika damuwa da su ba. Na biyu waɗanda ya yi a asibiti, a kan kwali da guntun katako da duk abin da ya samu, wasu a siffar takardar kuɗi da fili a tsakiya. Waɗannan in isnadinsu ya koma ga likita ko ma'aikacin da ya ba su hannu da hannu, sun fi babban farin wata mara takarda ƙarfin hujja.

Wanda ya saya kuma ya rataye shi nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki, zafi wajen digiri 20, danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60, kada ya riƙa hawa da sauka. A sa gilashi a gaba da 'yar tazara don kada ya taɓa fentin, a rufe baya da allo, kuma duk takardar da ke manne a tsohon firam a bar ta inda take.