Kamun kifi da ƙugiya da kwanciyar hankali: abin da 'yan'uwa suka ce

Jama'a, na tattaro maganganunmu a dunƙule a kan ko kamun kifi da ƙugiya na rage damuwa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa zaman jira ne maganin. Ido na kan zare, waya na aljihu, zuciya ta huta da tunanin yaƙin Sudan da ya tarwatsa mu tun 2023. Wani ya ce ko karfasa ɗaya bai kama ba, yana yin barci mai nauyi daren.

2. Lokaci: bayan asuba ko bayan la'asar, kafin ko bayan zafin rana.

3. An rabu a kan zuwa kai kaɗai. Wasu na son shiru, dattawa kuwa sun ce mai damuwa kada ya kaɗaita, ya tafi da aboki da butar shayi. Ni dai ina bayan dattawa.

4. Masunta na Mai Wurno, wani gari kusa da Sinnar a Sudan, sun yi dariya: wanda tarwaɗa ce cefanensa, ranar da komarsa ta fito wayam ba hutu ya samu ba.

5. A kiyayi ƙarfin ruwa ƙasan madatsar Sinnar, da tsargiya a magudanan ruwan yankin Jazira.

6. Damuwar da ta hana ci da barci, a ga likita.