Muhawara: Shin mantuwa ce ta sa mutanen New Orleans suka sake zaɓen magajin garinsu bayan Katrina?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ranar 29 ga Agustan 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans na Amurka, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na garin, mutane sama da dubu suka mutu a yankin. Magajin gari Ray Nagin bai ba da umarnin kowa ya fice dole ba sai ana gobe guguwar za ta iso. Ba a cika wata tara ba, ranar 20 ga Mayun 2006, mutanen garin suka sake zaɓensa. Ni a ganina babu wani bayani illa masu zaɓe suna da saurin mantuwa. Wanda yake da ja ya fito.

Malama: Wa alaikumus salam. Ina da ja, ƙanena. Wanda ke kwana a ɗakin haya a birnin Houston na jihar Texas saboda gidansa ya ruɓe da laka, ta ina zai manta? A ranar zaɓen ma kusan rabin mutanen garin ba su koma ba. Wasu sai da suka shiga bas suka yi tafiyar awoyi don su jefa ƙuri'a. Mai mantuwa ba ya wannan wahalar.

Ɗan Auta: To in sun tuna, abin ya fi muni ke nan, Malama. Sun ga hoton motocin bas na makarantu jere cikin ruwa, motocin da ya kamata a kwashi marasa mota da su. Sun ga dubban mutane cunkushe a filin wasa na Superdome babu isasshen ruwan sha.

Injiniya: Bari in sa baki ta fannina. Mutane da yawa suna ɗauka iska ce ta cinye garin. Ruwa ne, kuma ruwan ya shigo ne saboda katangun da ke tare shi sun fashe a wurare da dama, har da na magudanar Titi na 17 da na London Avenue. Wa ya tsara su ya gina? Rundunar injiniyoyin sojan Amurka, wato gwamnatin tarayya. A 2006 rundunar da kanta ta amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin. Magajin gari ba shi da iko a kan wannan. Mutumin da ruwa ya kai masa har rufin ɗaki ya san daga inda ruwan ya zo.

Kawu: Injiniya, kada ka wanke shi tas. Katanga ba tasa ba ce, amma kwashe mutane aikinsa ne.

Injiniya: Ban wanke shi ba, Kawu. Cewa nake laifin ya rabu gida uku: birni, jiha da tarayya. Kuma mutane sun raba hukuncin. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta FEMA, Michael Brown, ya sauka cikin mako biyu. Gwamnar Louisiana, jihar da birnin yake, Kathleen Blanco, ba ta ma sake tsayawa ba a 2007. Farin jinin Shugaba Bush ya faɗi bai ƙara tashi yadda yake ba. Shi kuwa Nagin, ranar 1 ga Satumba ya shiga rediyo cikin fushi yana yi wa Washington tsawa su turo motoci da sojoji. Da yawa daga waɗanda ke kan rufin gidaje sun ji kamar bakinsu ne ke magana.

Malama: Wannan duk gaskiya ne, amma ni a wurina ba nan zuciyar maganar take ba. Ku duba abin da ya faru a Janairun 2006. Kwamitin farfaɗo da birnin ya fito da shawara, jarida ta buga taswira da manyan ɗigogi kore a kan unguwannin da ke kwari, irin su Broadmoor da Gentilly da gabashin birnin da Lower Ninth Ward. Ma'anar ɗigon ita ce mai yiwuwa a mayar da wurin fili ko lambu. Har da shawarar a dakatar da ba da izinin gini na wata huɗu. Yawancin masu gidaje a waɗannan unguwanni baƙaƙen fata ne, wasu gidan gado ne tun kakanni. Ka sa kanka a matsayin matar da ke gudun hijira a wata jiha, ta buɗe jarida ta ga an ɗiga kore a kan gidan mahaifinta. Daga ranar, tambayar da ke ranta ta canja. Ta daina tambayar wa ya yi sakaci a Agusta, ta koma tambayar wa zai bar ni in koma gida. Nagin ya ƙi dakatar da izinin ginin, ya ce kowa na iya komawa ya gina a filinsa. Abin da ta zaɓa ke nan. Wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙo masa kamawa zai yi.

Kawu: Malama, wa ya naɗa kwamitin da ya kawo shawarar?

Malama: Shi ne, Kawu. Ban ɓoye ba.

Kawu: To kin gani. Shi ya kunna wutar, ya dawo da guga aka yi masa tafi. Kuma abokin takararsa Mitch Landrieu bai ce zai hana kowa komawa ba. Ni na daɗe ina bin siyasa, abin da na gani a nan launin fata ne. A 2002 ƙuri'un fararen fata ne suka ɗora Nagin, ɗan kasuwa ne da ya fito daga kamfanin talabijin na Cox, baƙaƙe da yawa ba su yi shi ba. A 2006 abin ya juye, kusan kashi 80 na baƙaƙe suka bi shi. Me ya canja? Ranar tunawa da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, Nagin ya tashi ya ce birnin zai ci gaba da zama na cakulan, wato na baƙaƙe masu rinjaye. Ya nemi afuwa daga baya, amma saƙon ya isa inda aka aika shi.

Malama: Kawu, da girmamawa, kana kiran abin launin fata kamar son kai ne kawai. Daga 1978 har zuwa lokacin zaɓen baƙar fata ke riƙe da kujerar, farar fata na ƙarshe kafin nan shi ne Moon Landrieu, mahaifin Mitch. Mutanen da ruwa ya raba da gida da aiki da makarantar 'ya'yansu, kujerar nan ce kaɗai abin da ya rage a hannunsu. Suna tsoron in ta tafi yayin da suke warwatse, za a sake zana garin ba da su ba. Tsoron yana da tushe, taswirar na nan.

Injiniya: Kuma kada a manta bai ci da ƙuri'ar baƙaƙe kaɗai ba. Kashi 52 ya samu, Landrieu 48, tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu 6 ba. Wasu fararen fata masu ra'ayin riƙau sun ba shi don ba sa son gidan Landrieu ya haɗa kujerun, ga 'yar'uwarsa Mary tana sanata. Da babu su da ya faɗi.

Ɗan Auta: Na janye kalmar mantuwa. Amma ku amsa mini wannan: me ya sa a Chicago abin bai tafi haka ba? A Janairun 1979 dusar ƙanƙara ta rufe garin, magajin gari Michael Bilandic ya kasa share tituna, a watan Fabrairu Jane Byrne ta kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Dusar ƙanƙara fa, ba gawarwaki a kan titi ba.

Injiniya: Misalinka ya taimaki Malama ne, ƙanena. Share titi aikin birni ne shi kaɗai, babu wanda Bilandic zai nuna wa yatsa. Sannan a lokacin jiragen ƙasa na cikin gari sun riƙa wuce tashoshin unguwannin baƙaƙe ba sa tsayawa, mutane na tsaye cikin sanyi suna kallo. A Chicago magajin gari ne ya zama wanda ya bar su a baya. A New Orleans ya yi nasarar zama wanda aka bari a baya tare da su.

Kawu: Ya yi nasarar nuna haka dai. Ku faɗi ƙarshen labarin. A 2014 kotun tarayya ta same shi da laifi a tuhuma 20 cikin 21, cin hanci da halasta kuɗin haram, wasu a kan kwangilolin lokacin da garin ke kwance. Shekara 10 aka yanke masa. Matar da Malama ke magana a kai, ita aka cuta.

Malama: Ita aka cuta, kuma abin yana min ciwo. Amma a Mayun 2006 ba ta da hukuncin 2014 a hannunta. Kuma a 2010 mutanen garin nan, baƙi da fari, suka zaɓi Mitch Landrieu da gagarumin rinjaye tun zagayen farko. Da launin fata ne kaɗai, Kawu, da ba su yi ba. Sun riga sun koma gida, tsoron ya ragu.

Ɗan Auta: Abin da ya rage mini shi ne rigakafin. Akwai binciken da Andrew Healy da Neil Malhotra suka fitar a 2009, sun gano masu zaɓe a Amurka suna saka wa gwamnati in ta raba agaji bayan bala'i, amma ba sa saka mata kan kuɗin da ta kashe wajen shiri, alhali dala 1 ta shiri tana kare asarar kusan dala 15. In haka ne, wane magajin gari ne zai damu da direbobin bas kafin ruwa ya zo?

Injiniya: Nan kam ba ni da ja. Katangar da ba ta fashe ba babu mai ɗaukar hotonta.

Kawu: Ni har yanzu ina kan bakana, da ni ne a garin da ban ba shi ba. Malama, in kin samu hoton taswirar nan ki turo mana, ina so in ga unguwannin da idona.

Malama: Zan nemo, Kawu. Ka duba Broadmoor da kyau in na turo. Mutanen unguwar sun haɗa kai suka tsara yadda za su farfaɗo da ita da kansu, kuma tana nan har yau da mutanenta.