Abin da masu kallon sama da babban teleskop suka ba da shawara

To jama'a ga abin da na tsinta a hirar da masu kallon sama suka yi kan yadda za a fi ganin abubuwa masu dishi-dishi da teleskop. Kusan kowa ya yarda duhu ya fi girman madubin teleskop muhimmanci, ka fita daga hasken gari, ka jira lokacin duhun wata, sannan ka ba idonka kamar minti 20 zuwa 30 ya saba, in ka duba waya ko sau ɗaya shikenan ka koma farko, sai dai jar fitila. Shi kuma madubin a fito da shi da wuri ya huce, in ba haka ba taurari rawa za su yi ta yi, kuma a daidaita shi kafin a fara.

Wasu sun nace kar ka zura wa abu ido kai tsaye, ka ɗan kalli gefensa, nan ne dishi-dishin galaksi (wato babban tarin taurari) irin Andromeda ke fitowa. Kar kuma ka sa ran kalar hoto, toka-toka za ka gani.

Tauraro mai wutsiya fa? Fara da ƙaramin ƙarfin ƙara girma, ka zana inda yake, bayan awa ɗaya ka sake dubawa, in ya matsa to shi ne. Ai saboda ruɗanin da ake yi tsakanin tauraro mai wutsiya da abubuwa masu dishi-dishi irin galaksi ne Charles Messier, masanin taurari ɗan Faransa, ya haɗa jerinsa na irin waɗannan abubuwan.