Wayar batir zuwa inbata tana zafi: me kuka gani a wajen aiki?

Mai haɗa sola, Kano: Assalamu alaikum. Ga matsalar da ake yawan kawo mana: inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai wat 1000 a kan batir mai bolt 12, batir a cike, amma da an ɗora lodi sai ta fara kuka, waya kuma ta ɗau zafi. Galibi batir ake ɗora wa laifi alhali ba ruwansa. Wat dai bolt ne sau amfiya, don haka 1000 a raba da 12 ya ba da amfiya 83. Inbata ma tana cin nata, kusan kashi 10 cikin ɗari, sai abin ya kai 90 ko ya ɗan haura. Wannan ne ke bi ta wayar. Kowa ya kawo abin da ya sani.

Malamin lantarki, Zariya: Wa alaikumus salam, Oga. Daga nan sai a lissafa turjiyar wayar kanta. Ga jan ƙarfe, ana ninka 0.0175 da tsawon waya a mita, a raba da kaurinta a milimita murabba'i. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsawo: in inbata tana nesa da batir da mita 2, waya mita 4 ce, domin akwai ta zuwa da ta dawowa. Waya mai lamba 6, wato mai kaurin milimita murabba'i 6, za ta ba da om 0.0117 (om shi ne ma'aunin turjiya). Lambar kamar ba komai ba, amma ninka ta da amfiya 90, bolt 1.05 ke nan ya salwanta a hanya, kuma 1.05 sau 90 wat 95 ne da ke komawa zafi a cikin roba. Batir da ya sauka zuwa 11.8 a ƙarƙashin lodi, inbata 10.75 take gani, alhali yawancinsu a wajen 10.5 suke kashe kansu. Da waya mai lamba 25, turjiya om 0.0028 ce, asarar bolt 0.25, zafin wat 23.

Mai gyaran inbata, Kaduna: Malam, ƙarin bayani ga yaranmu masu koyo. Kada ku juya mita zuwa om ku ce za ku auna irin wannan waya. Igiyoyin mitar kansu suna da om 0.2 zuwa 0.5, sun ninka abin da kuke nema sau da yawa. Ku kunna lodi, ku bar mita a bolt na DC, wato irin wutar batir, tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a bakin inbata, a waya guda. Abin da ta nuna ku raba shi da amfiyar da ke tafiya, turjiyar ke nan. Ku maimaita a ɗaya wayar. Amfiyar kuma da mita mai kama waya ake auna ta, wadda ke karanta DC. Masu arahar AC kaɗai suke gani, wato irin wutar gida, ba za su ba ku daidai ba. Ramin 10A na ƙaramar mita ba na wannan aiki ba ne, fiyus ɗinta zai tashi nan take.

Mai wayarin, Maradi: A nan abin da ya fi ƙona mana kaya noti ne da bai ɗauru ba. Kan batir ya yi farin gari ko kore-kore, ko an naɗe waya da hannu ba a matse ta da kan ƙarfe ba. Mahaɗar da ke da om 0.01 kacal, in wutar da ke bi amfiya 90 ce, 90 sau 90 sau 0.01 wat 81 ne, duk a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba. Shi ya sa za ka ga robar da ke gindin notin ta narke ta yi baƙi, sauran wayar kuwa lafiya lau. A auna tsakanin dalmar batir da kan wayar. In ya wuce bolt 0.1, a kwance, a goge da sanfefa har ya yi haske, a sake ɗaurewa.

Mai shagon kayan wuta, Sakkwato: A kula da wayar da ake saya ma. Akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Turjiyarta ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau ɗaya da rabi, to lissafin Malam ba zai fito ba. Kankare silin da wuƙa, in ciki fari ne ka gane. Ba ta da nauyi a hannu kuma.

Malamin lantarki, Zariya: Haka ne, Alhaji. Shi ya sa nake ganin duk lodin da ya kai wat 1000 gara a koma bolt 24. Amfiya ta ragu rabi, 45, zafin waya kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, tunda amfiyar ake ninkawa da kanta. A ɓangaren wutar gida mai bolt 230 ma dokar ɗaya ce: dutsen guga mai wat 1000 yana jan amfiya 4.35, turjiyarsa om 53. Wuta ta sauka zuwa 180, wat 610 kawai zai bayar. Amma kada a kai wannan lissafi kan firji ko injin ruwa. Motar lantarkin da ke juya su in wuta ta yi ƙasa ƙara jan amfiya take yi, nan ne koyil ke ƙonewa.

Mai gyaran inbata, Kaduna: Kuma duk wanda ya sa waya mai lamba 25, ya sa fiyus na DC mai amfiya 125 a wayar ja, dab da kan batir, ba a gefen inbata ba. In waya ta goge ta taɓa ƙarfe a tsakani, batir zai iya turo ɗaruruwan amfiya, fiyus ɗin da ke can nesa kuwa ba abin da zai tare.