Dan Allah wane irin littafin hotuna zan saya wa yara 'yan shekara 3 da 4?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Yarana biyu, macen shekararta 4 ƙaninta kuma 3, to wallahi in dai ba a ba su waya sun kalli katun ba sai su yi zugum, ko su hau dambe, ko su biyo ni kicin suna jan zanina. Mu da muna yara ina muka ga ta zama, tuwon ƙasa, 'yar tsanar kara, har biki muke mata mu kai lefe a gwangwanin madara. Na je Sabon Gari na kwaso musu littattafai amma duk irin na A for Apple ne da na ƙirga 1 zuwa 20, su buɗe su nuna su ajiye shikenan. Ni wanda nake so shi ne in an gama karantawa yaro ya tashi ya ƙirƙiri wasansa da kansa. Akwai irinsu kuwa? Ta ya zan gane su?

Malamar Nazare:
Wa'alaikumussalam Maman Biyu. Waɗanda kika saya ba su da laifi fa, na hadda ne, aikinsu daban. Ni ga yadda nake yi in na shiga shago, sai in buɗe littafin in sa tafin hannu in rufe rubutun, in na iya bin labarin daga hoto kaɗai to na ɗauka, in kuwa sai na karanta zan gane me ke faruwa to ba na 'yan shekara 3 ba ne komai kyan bangonsa. Layi ɗaya ko biyu a shafi ya isa, kuma in akwai maganar da ake ta maimaitawa ya fi, don ita suke cafkewa su tafi da ita tsakar gida.

Sannan ki duba wanda abin da ke cikinsa za su iya kwaikwaya da tarkacen gida, zuwa kasuwa, asibiti, direban mota, mai shayi. Akwai wani da na karanta wa 'yan ajina na yarinyar da aka aika cefane, ban ce musu komai ba wallahi, ana fita tara sai ga su sun kafa kasuwa a gindin darbejiya, murafen lemo su ne kuɗi, ganye ya zama alayyafo, tsakuwa tumatir. Wata 'yar ficiciya ta hana ƙawarta kaya wai ita ba ta da canji sai dai a yi mata tiransifa, na yi dariya har da hawaye. Wannan duk babu shi a littafin fa, su suka ƙaro abinsu.

Abu ɗaya da iyaye ke ɓatawa, mayar da karatun jarrabawa, wannan wane kala ne, awaki nawa ne a nan. Ki bar wannan. Ki tsaya kafin ki juya shafi ki ce me kuke gani zai faru, duk shirmen da suka faɗa ki karɓa. Shi ƙaramin kuma ki nema masa masu shafi mai kauri irin kwali, in ba haka ba kwana biyu ya yage shi.

Abban Yara:
Hajiya ba sai kin kashe kuɗi da yawa ba. Ki shiga African Storybook a intanet, wata ƙungiya ce a Afirka ta Kudu mai suna Saide ke kula da shi, kyauta ne kuma akwai na Hausa, sun kasa su mataki 1 zuwa 5, naki yaran ki tsaya a 1 da 2. Akwai StoryWeaver ma na Pratham Books a Indiya, shi ma da Hausa a ciki. Sai Book Dash, su har da waɗanda babu rubutu ko ɗaya suna da shi, hoto zalla, kullum yaro ya ba ki sabon labari a kai. Ni saukewa nake in kai shagon masu kwamfuta su buga min mai kala a yi laminatin, don in aka bar shi a waya ƙarshenta katun za a koma. Amma ki fara karantawa ke kaɗai tukuna, wata fassarar Hausar tana da tauri, sai ki faɗa da bakinki yadda kuke magana a gida.

Ummu Ɗalibai:
Malama na yarda da ke amma ban da wajen cewa sai abin da suka saba gani. Nawa ɗan da ya ga hoton jirgin ruwa, yaron da ko kogi bai taɓa gani ba, sati guda yana cikin bahon wanki da muciya yana tuƙi. Abin da babu shi ma yana tayar musu da tunani. Ku tuna hadisin da ke cikin Abu Dawud, Nana A'isha tana da 'yan tsana har da doki mai fukafukai, da Annabi (SAW) ya tambaye ta sai ta ce ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Ki haɗa musu duka biyun kawai.

Hajiya Kaka:
'Yata duk ku gama sayen littafinku amma kar ku yar da ga ta nan ga ta nanku. Mu wa ya taɓa nuna mana hoton Gizo da Ƙoƙi, amma kowa da irin Gizon da ke kansa, washegari a raba, ke ce Ƙoƙi kai ne kura. In ma littafin ne ki riƙa canza murya, Gizo da tsamin bakinsa, kura da ƙatuwar murya, ba ki karanta kamar mai labaran rediyo ba. Kuma banda mai hoton dodo da dare, jikana sai da ya yi kwana uku ba ya zuwa banɗaki shi kaɗai.

Maman Biyu:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Mama Allah ya ƙara girma. Abban Yara na sauke guda 4 an buga min jiya, ɗaya na wata akuya ce da ta ɓata ana nemanta. Tun safe ƙaramin ya zama akuya yana ɓuya bayan labule yana mee, yayar ta yafa gyalena tana bi ɗaki ɗaki wai ko kun ga akuyata, har maigidan sai da aka tsare shi da tambaya yana shirin fita. Yau dai ba wanda ya nemi waya har azahar. Sai dai Malama an kwashe min murafen tukwane duka an kai wai garke, na rasa da me zan rufe miya, ku haka kuke barinsu ko ware musu nasu tarkacen ake yi?