Don Allah, ana iya dawo da murya daga hoton sauti?

Ɗan Kusugu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na naɗi hirar wani dattijo a Daura kan tarihin rijiyar Kusugu don aikin digirina. Wata uku ina zarya kafin ya yarda, yanzu kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Hadis ɗin kwamfutata (hard disk, faifan ajiya) ya lalace. Abin da ya rage hotuna 14 ne na allon Praat, manhajar nazarin murya, da na liƙa cikin Word. Malamina yana son jin muryar. Ina mafita?

Injiniya: Allah Ya jiƙansa. Malam, hoton yana nuna ƙarfin kowace mita (frequency) ne kawai, ba ya riƙe daidaiton igiyoyin da juna. Dabarar Griffin-Lim ta 1984 ke ƙiyasta shi, tana cikin librosa, kayan aikin sauti na Python, zagaye 32 take yi in ba ka ƙara ba. Sai ka yanke rubutun gefe, ka mayar da duhun kowane ɗigon hoto (pixel) zuwa dB, ma'aunin ƙarar sauti, sannan zuwa ƙarfi. Amma Praat kan tsaya a 5000 Hz, tagarsa kuma, wato guntun sautin da yake aunawa a lokaci guda, daƙiƙa 0.005 ce. In daƙiƙa 10 ke cikin ɗigo 1200, kowane ɗigo ya haɗiye kusan daƙiƙa 0.008, ya fi tagar faɗi. Karin sauti ya tafi ke nan, Hausa kuwa ba ta fita sai da shi. Raɗa mai ƙarar gwangwani za ka ji.

Ɗan Kusugu: Ai zanen igiyar yana sama, Injiniya.

Injiniya: Daƙiƙa 10 a 44100 Hz samfuri 441,000 ne. Ɗigo 1200 ba za su ɗauke su ba.

Malama Katsina: Ban yarda karin ya ɓace duka ba. In shuɗin layin nan da Praat ke nuna karin sauti da shi yana hoton, a kwafe shi a ɗora wa muryar. Ku fitar da hotunan daga cikin fayil ɗin Word, kada a turo ta WhatsApp, matse su yake yi.

Mai Gyara Ƙofar Ƙaura: Ku bar hoto, a nemi faifan. A kwafe shi da ddrescue, manhajar kwafe lalataccen faifai, a bi kwafin da PhotoRec mai zaƙulo ɓatattun fayiloli. Kullum sai an gama jagwalgwala hadis ake kawo mana, a ce mu ne ba mu iya ba.

Ɗan Kusugu: Na riga na sa sabuwar Windows a kai, ranar ina da jarrabawa, dole ce ta sa. Shuɗin layin kuma na kashe shi ne don hoton ya fito fes.

Injiniya: Kashe kwamfutar yanzu, kada ta ƙara rubutu a kan abin da ya rage. Hadis mai juyawa ne ko SSD, wanda ba ya juyawa?

Ɗan Kusugu: Bari a kawo wuta in duba. To, HiFi-GAN, manhajar AI mai fitar da murya, da wani ya ce mini fa?